Tambaya da Amsa: Wane Injin Aski Ya Dace da Fuskarka?

Wasiƙun wannan karo sun fi karkata ga injin askin fuska: wanne za a saya, me ya sa wani ke tayar da ƙuraje, me ya sa wani ke mutuwa tun bai shekara ba. Mun zaɓi takwas daga Yamai da jihar Tawa, mun amsa su tare da masu gyaran injinan aski da ma'aikatan jinya masu duba fata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shiga Babbar Kasuwa da niyyar sayen injin askin fuska, mai shago ya jero mini iri uku: mai kawuna uku zagayayyu, mai raga a baki, da mai haƙora irin na shagon aski. Duk wanda na ɗauka sai ya ce shi ya fi. Na fito ban sayi ko ɗaya ba. Wanne ne na kirki? Malamin makaranta, Yantala, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ukun nan aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma fuskarka ce za ta raba gardamar.

Mai raga, irin wanda Braun da Panasonic suka yi suna da shi, yana da siririn ƙarfe mai ƙananan huji a bakinsa, ƙarƙashinsa kuma wuƙaƙe na kai da komo da sauri. Gashin da ya leƙa cikin huji shi ake yankewa. Askinsa ya fi na sauran kusantar na reza, yana kuma fidda layin saje da kyau. Sai dai yana son gajeren gashi wanda ya miƙe tsaye, na kwana ɗaya ko biyu. Gashin da ya kwanta a wuya ko ya naɗe ba ya shiga hujin, sai mutum ya yi ta maimaita wuri ɗaya har fata ta yi zafi. Ana tafiyar da shi a miƙe, sama da ƙasa, bakinsa daidai a kan fata ba a karkace ba.

Mai kawuna masu juyi shi ne salon Philips, wanda kamfanin ya fara fitarwa a ƙasar Holan a 1939, da kai ɗaya tak a lokacin. A cikin kowane kai akwai wuƙa zagayayya da ke juyi ƙarƙashin murfi mai tsaga-tsaga. Kawunan suna bin haɓa da maƙogwaro, suna kuma kama gashin da ya fito ta ko'ina, har na kwana biyu ko uku. Da zagaye-zagaye ake yi da shi, hannu a sake, ba dannawa. Ƙararsa kaɗan ce, amma ba ya fidda layi. Wasu daga cikinsu suna da wuƙa biyu a jere, ta farko ta ɗago gashi ta biyu ta yanke, sai guntun ya koma ƙasan fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan sumul ne, ga mai murɗaɗɗen gashi kuwa nan matsala ke farawa.

Na ukun, tondez, rage gashi take yi. Haƙora ne layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya na zamewa a kansa. Ƙaramar ta gemu tana barin tsawon da ka zaɓa, daga rabin milimita zuwa sama.

Yawancinmu gashin fuskarmu murɗaɗɗe ne, saboda haka ra'ayinmu a fili yake: in ka taɓa yin ƙuraje bayan aski ko sau ɗaya, fara da ƙaramar tondez ta gemu. In fatarka ba ta taɓa damuwa ba kuma kullum kake aski, ɗauki mai raga. In sai bayan kwana biyu ko uku kake yi, mai juyi zai fi yi maka sauƙi. Duk wanda ka ɗauka, ba fatarka sati biyu zuwa uku ta saba kafin ka yanke masa hukunci, kuma a cikin kwanakin nan kada ka riƙa haɗawa da reza.

Kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana sayar da raga ko kawunan canji na wannan lambar inji, ya nuna maka su a hannu. Braun na cewa a canza raga da wuƙa duk wata 18, Philips kuma kawuna duk shekara 2. Injin da babu kayan canjinsa a gari, ranar da ragarsa ta huje ranar ya gama aiki, komai tsadarsa. A kunna maka shi a shago, ka ji ƙararsa na tafiya bai ɗaya, ka ɗaga ragar ga haske ka duba ko ta lotsa, ka kuma karanta sunan harafi bayan harafi, domin jabu kan sauya harafi ɗaya ne kawai.

Tambaya: Aikina na kaki ne, dole kullum in fito fuska tas. Wuyana da ƙasan haɓata sun cika da ƙuraje, wasu da ruwa, inda suka warke kuma baƙin tabo ne. An ce in bar reza in koma injin lantarki. Zai raba ni da su? Ma'aikaci, Gamkalle, Yamai.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. Inji zai taimaka in ka zaɓi wanda ya dace, amma wanda ake yabo da cewa askinsa sumul kamar reza zai iya barinka inda kake.

Ga abin da ke faruwa. Reza na yanke gashi a karkace, ta bar masa tsini kamar bakin alƙalamin kara da aka feƙe. Gashin gemu na tsiro kusan kashi ɗaya bisa uku na milimita a rana, naka kuma a lanƙwashe yake fitowa. In an yanke shi ƙasan fata, tsinin na huda gefen raminsa tun bai fito ba. In ya fito, sai ya lanƙwaso ya koma ya soki fata. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ƙwayoyin cuta su shiga ya yi mugunya. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Baƙin tabon kuwa amsar da baƙar fata ke bayarwa ce ga duk wani kumburi da ya daɗe.

Maganin asali shi ne a bar gashin ya yi tsawon da ba zai iya komawa ciki ba. In za ka samu hutu, ko takardar likita da za ka kai wa shugabanninka, ka bar aski sati uku zuwa huɗu. A cikin wannan lokaci gashin da ya nutse yana fitowa da kansa. Kowace safiya ka ɗora tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi minti biyar, sannan ka goga wurin a hankali, zagaye-zagaye, da buroshin haƙori mai laushi wanda ka ware don wannan kaɗai. Gashin da ka ga ya yi baka, kansa ya shige fata, ɗago shi da bakin allurar da ka goge da alkol. Ɗagowa kawai. In ka tumɓuke shi, sabon da zai tsiro daga can ciki zai fara huda.

Idan ka dawo aski, yi da tondez ka bar rabin milimita zuwa milimita ɗaya. Daga taku biyu ba mai gane cewa ba reza ba ce, musamman in kullum kake bi. Bi inda gashi ya kwanta, kada ka yi masa gaba da gaba. Shafa hannu a wuyanka ka gane kwanciyarsa, domin a wuya sau da yawa gefe yake bi ko sama. Kada ka ja fata da yatsa don ta miƙe, wannan shi ke sa guntun ya nutse bayan ka sake ta. Wuri ɗaya sau ɗaya, iyaka sau biyu. Fara da wuya tun ƙarfen na da sanyi, domin in ya ɗau zafi yana ƙara fusata fata. Akwai kuma wani ƙaramin inji na Philips mai suna OneBlade, wanda aka yi shi da gangan don kada ya kai ƙasa sosai, ana canza bakinsa kamar duk wata huɗu, kuma yana yi wa masu irin matsalarka daɗi. In wurin aiki sun nace sai sumul, yi amfani da mai raga ɗaya, hannu sama-sama, bayan ka rage da tondez.

Bayan aski ka wanke da ruwan sanyi, ka shafa ɗan man kaɗe ko mai marar turare. Turaren bayan aski mai yawan alkol raɗaɗi kawai yake ƙarawa. A farmasi akwai man benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, ana shafa kaɗan da dare, yana rage ƙurajen, amma yana busar da fata kuma yana cin launin tufafi da matashin kai.

Muna jan kunnenka da babbar murya a kan ƴan tub ɗin nan na kasuwa masu clobetasol ko betamethasone, waɗanda ake shafawa don hasken fata. Cikin kwana kaɗan za su kwantar da ƙurajen har ka yi murna, daga baya fatar fuska ta yi siriri, sababbin ƙuraje su fito, kuma da ka daina abin ya dawo fiye da da. Hodar cire gashi da ake kwaɓawa da ruwa tana barin bakin gashi ba tsini, shi ya sa wasu ke jin daɗinta, amma tana ƙuna. Ba a sa ta kan fata mai rauni, ba a wuce mintocin da aka rubuta a gwangwani, kuma a fara gwadawa a ɗan wuri. In ƙurajen sun yi mugunya da yawa, ko sun fara taurara suna zama tsiro, musamman a ƙeya, je ka ga likitan fata tun suna ƙanana. Tsiron da ya girma yana da wuyar sha'ani.

Tambaya: Yayana ya aiko mini da tondez mai waya daga Amurka. Bakin filoginta faffaɗa ne, ba ya shiga soket ɗinmu. Wani ya ce in sayi ɗan abin da ake ɗorawa a baki, shi ke nan. Haka ne? Ɗan kasuwa, Tawa.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa ba ka riga ka jona ba. Ɗan abin nan siffar baki kawai yake canzawa, ba ya rage ƙarfin wuta. Wutar NIGELEC volt 220 ce, ta Amurka 120. Injin da aka yi don 120 in ya sha 220, cikin ɗan lokaci wayar cikinsa za ta ƙone, ka ji wari ka ga hayaƙi.

Juya injin, ko cajarsa in mai batir ne, ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga 100–240V da 50/60Hz, ɗan bakin ya isa, jona abinka. Yawancin masu batir na yanzu haka suke. In ka ga 120V da 60Hz kaɗai, sai da taransifoma mai sauke wuta daga 220 zuwa 110. Tondez ba ta cin wuta, mai wat 50 ma ta wadatar.

Amma da sauran magana, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Tsofaffin samfurin tondez masu waya, irin wasu na Wahl da Andis, ba mota mai juyi ke cikinsu ba. Maganaɗisu ne ke jan wani hannun ƙarfe yana saki, daidai da bugun wutar da ke shigowa. Bugun wutar Amurka 60 ne a daƙiƙa, namu 50, kuma sifirin da ke riƙe da hannun an ɗaure shi ne don 60. Taransifoma na gyara volt, ba ta taɓa bugu. Shi ya sa za ka ji injin na ƙara kamar zai tarwatse, yana zafi, yankansa kuma ba ƙarfi. Akwai babban sukuru a gefen irin wannan inji. Kunna shi, ka murɗa sukurun ciki har ka ji ya fara bugawa da ƙarfi, sannan ka sassauta a hankali har bugun ya tsaya. Wani injin yana daidaita da haka, wani ba ya yi, sai mai gyara ya buɗe ya taɓa sifirin.

Masu zuwa Hajji da Umara su lura, wutar Saudiyya ma bugu 60 ce, don haka a karanta rubutu kafin a sayi mai waya a can. Wanda aka yi don kasuwar Faransa, Aljeriya, Kodibuwa, Najeriya ko Dubai ba shi da wannan matsala. Na Najeriya da Dubai baki uku ne masu kusurwa, ɗan bakin canji ya ishe su. In za ka sake yin saƙo wurin yayanka, ce masa mai batir.

Tambaya: Ina aiki a wani ƙauye bayan Abalak, babu wuta sai sola. Na sayi inji biyu masu caji, duka batirinsu bai kai damina biyu ba. Wane iri ke jure wa? Ma'aikacin lafiyar dabbobi, jihar Tawa.

Amsa: Malam, zafi ne babban mai kashe batir a ƙasar nan. Batirin litiyom ba ya son a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40. Ɗakin kwano da tsakar rana, gaban gilashin mota, ko kusa da farantin sola a rana, duk sun zarce abin da zai ɗauka. Yi caji da sassafe ko da dare, a inuwa, a ƙasa ba kan katifa ba, ka zare da ya cika. Kada ka bari ya mutu murus ya kwana sati a haka. In za ka ajiye shi wata da watanni, bar shi da rabin caji.

Wajen saye, nemi mai rubutun Li-ion, wato batirin litiyom, wanda ke cika cikin awa ɗaya ya ba da minti 45 zuwa 60 na aiki. A minti biyar kowane aski, caji ɗaya zai kai ka kusan kwana goma. Wanda aka rubuta masa cajin awa 8 galibi tsohon samfurin batir ne, NiMH, wanda ke zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma na ƙara masa saurin zuba. Gare ka mai cajin USB ya fi, domin volt 5 yake sha, batirin ajiyar cajin waya ko ƙaramar sola sun ishe shi, kuma in wayarsa ta ɓace ba sai ka je Tawa nema ba. Akwai kuma ƙananan masu raga na tafiya da ke aiki da batir AA guda biyu irin na tocila.

Mutanen gari, inda ake yawan ɗauke wuta da bazara, su san wannan: injin da ke da hoton shawa ko bahon wanka a jikinsa yawanci ba ya kunnuwa in yana jone da wuta. Da gangan aka yi haka don kada wuta ta ja mutum a banɗaki. In batirinsa ya ƙare sai jira, kodayake da yawa suna da cajin gaggawa na minti biyar da ke isar aski ɗaya. Mai hoton famfo kuwa wanke kansa kawai aka yarje, ba shiga wanka da shi ba.

Tambaya: Ina son in yi wa maigidana tsarabar injin aski. Shi yana barin gemu, gashin baki kawai yake ragewa ya gyara gefe. Na ga wani mai kawuna uku mai tsada, in ɗauko? Uwargida, Lazare, Yamai.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara danƙon zumunci, amma ajiye mai kawuna ukun nan. Na mai kwashe fuska duka ne, maigidanki ba zai more shi ba. Abin da zai yi masa amfani ƙaramar tondez ce ta gemu. Hadisin rage gashin baki da barin gemu sananne ne a Buhari da Muslim, iyakar abin da ake taɓawa a gemu kuma wannan na malamai ne, shi ya san wanda yake bi.

Ki duba wadda ke da matajin roba da ake ɗorawa a baki, da lambobi a milimita. Don gashin baki 1 zuwa 3 sun isa. In yana daidaita gefen gemu, a samu har 10 ko fiye. Mai ɗan gargare da ake murzawa a zaɓi tsawo ta fi mai mataji shida daban-daban, domin waɗannan ɓacewa suke yi a gidan da ke da yara. Ki danna matajin da yatsa, in yana lanƙwashewa ko yana zamewa daga lambarsa ki bar shi, irinsa ne ke yi wa gemu rami. Baki kada ya cika faɗi, don ya shiga ƙarƙashin hanci. Ki haɗa masa da ɗan almakashi mai siririn baki da kwalbar man inji.

Tambaya: Tondez ɗina wata uku kacal da saye, yanzu cizon gashi take yi maimakon yanka, wani lokaci har ta yanke ni a gefen kunne. Jabu aka sayar mini? Ɗalibi, Harobanda, Yamai.

Amsa: Ƙanena, mai yiwuwa injinka lafiyarsa lau, mai yake nema. Haƙoran nan biyu gogar juna suke yi sau dubbai a minti. In babu mai a tsakani sai su yi zafi, motar ta yi nauyi, gudu ya ragu, gashi ya shiga tsakani a ja shi maimakon a yanke. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da guntun gashi da maiƙon fata tana cin kaifin ƙarfe.

Bayan kowane aski ka kaɗe haƙoran da ɗan buroshinsu. Sannan ka kunna, ka ɗiga mai ɗigo uku a kan haƙora, tsakiya da gefe biyu, da ɗigo ɗaya a kowane gefen baya inda ƙarfen ke zamewa. Bar shi ya yi gudu daƙiƙa goma zuwa ashirin, bakinsa na kallon ƙasa don kada mai ya gangara cikin mota, ka kashe ka goge. In man da ya zo da shi ya ƙare, farin man keken ɗinki ya yi. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo, basilin na kama ƙura, baƙin man mota da kananzir kuma ba abin sa wa fuska ba ne. Ajiye shi cikin jakarsa ko gwangwani mai murfi.

Yankan da take yi maka kuwa daga zaman haƙora ne, galibi bayan faɗuwa ko in an kwance an mayar ba daidai ba. Kalli bakin daga gefe. Haƙoran da ke motsi dole su kasance a bayan na tsaye da kusan milimita ɗaya, layi biyun kuma a jere ba karkata. Sassauta sukurori biyun da ke riƙe da ƙarfen, ka daidaita, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi, ka gwada a bayan hannunka. In haƙori ya karye, canza ƙarfen ɗungurungum.

Masu mai raga kada su sa buroshi a kan ragar ko su buga ta a bakin kwano, tana hujewa, kuma hujajjiyar raga yanka take yi. A cire ta a hure, a goge wuƙaƙen ciki kawai, a sa mai ɗigo ɗaya duk sati. Masu mai juyi su wanke kawunan ɗaya bayan ɗaya, domin kowace wuƙa ta saba da murfinta, in aka cakuɗa su askin na lalacewa na tsawon makonni.

Tambaya: Mu huɗu ne a ɗaki, inji ɗaya muke amfani da shi. A shagon aski kuma na ga ana hura wa bakin inji wutar leta kafin a taɓa mutum. Wannan ya wadatar? Matashi, Birnin Konni.

Amsa: Bai wadatar ba, samari. Harshen wuta na daƙiƙa biyu ba ya shiga tsakanin haƙora inda gashi da busasshen jini ke maƙalewa, yana kuma ƙona mai ya rage wa ƙarfe kaifi. Abin da ake tsoro a nan ciwon hanta ne nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, kuma ƙwayarsa na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe. Yankan da ido bai gani ba ya ishe ta hanya. Makero da ƙurajen ƙwayoyin cuta su ma ta baki da mataji suke yawo daga kai zuwa kai.

Abin da ya fi shi ne kowa da nasa, ko da mai araha ne, kuma in za ka shago ka tafi da naka. In dole sai an haɗa, a fara kaɗe gashi tas, domin magani ba ya ratsa datti. Sannan a jiƙa haƙora da alkol mai digiri 70, a bar shi jiƙe na ƴan mintoci, ya bushe, a sa mai. In ƙarfe ya taɓa jini, a kwance shi a wanke da sabulu, a tsoma minti 10 cikin ruwan jabel, kashi 1 na jabel mai digiri 12 da kashi 6 na ruwa, a ɗauraye, a busar nan take a sa mai, in ba haka ba zai yi tsatsa. Mai raga da mai juyi ba a haɗa su da kowa, ramukansu sun yi yawa. Ku huɗun ku je a auna jininku, wanda ba ya ɗauke da cutar ya yi allurar rigakafi, guda uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

Tambaya: Ni mace ce, ƴan gashi na fito mini a haɓa. Ana ce mini in na sa inji zai ƙaru ya yi kauri. Gaskiya ne? Wata baiwar Allah, Madawa.

Amsa: Ƴar'uwa, kwantar da hankalinki, ba gaskiya ba ne. Aski ba ya taɓa saiwar gashi, don haka ba ya ƙara yawansa ko kaurinsa. Siririn kansa ne aka yanke, sai guntun da ke tsirowa ya ji kaushi a hannu. Ƙaramin inji mai siririn baki, irin mai batir ɗaya da ake gyara gira da shi, ya ishe ki, kuma ya fi tsigewa, domin tsiga a murɗaɗɗen gashi ita ke kawo ƙuraje da baƙin tabo a haɓa. Ki bar shi naki ke kaɗai. In gashin ya taso da yawa cikin ɗan lokaci, ko yana tare da rikicewar al'ada, ƙiba ko sauyin murya, ki ga likitan mata a auna sinadaran jikinki, domin a nan gashin alama ce ta wani abu da ake iya magancewa.